Majanyin Gwaggo a Takarda

Mun tashi daga Funtuwa da asuba, ni da wata maƙwabciyata masaƙiya, kowa da ƙunshinta a ka. A nawa akwai zane biyu, da goro da gishiri na tsaraba, da sabon littafin rubutu, da fensir har biyu don kada ɗaya ya ci amanata. Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci kun san abin da ya fitar da ni, tunda a gabanku na bugi ƙirji. Malama ta ce in na dawo in rubuta labarin tafiyar a karanta a aji. To ga shi. Ba haka na so ya kasance ba, amma haka ya kasance.

Saboda waɗanda ba su zo ran nan ba, bari in faɗi dalili. A gidanmu na ƙauye, can bayan Malumfashi, akwai wani majanyi da kakar kakarmu ta saƙa. Fari ne mai baƙin gefe, a tsakiyarsa an jera rumbuna da jan zare, kowane da ƙafafunsa da cikinsa da jinkarsa. Shi muke kira uwar majanyi. Ba ya fita gidan, kuma bare ba ya ganinsa. Duk ɗiyar gidan da za ta yi haihuwar fari, sai a saƙa mata sabo irinsa ta goya. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ce ta ƙarshe da ta iya saƙar. Yanzu ido ya tafi, sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Waɗanda ta saƙa mana a da duk sun zama tsumma, nawa ma ban san inda ya ƙare ba. Ga ɗiyata da cikin fari ya tsufa. Ni kuwa da ina yarinya an kira ni gaban masaƙa na ƙi, na ce aikin tsofaffi ne.

Shi ne na tashi a aji na ce abin da ke kan Gwaggo zan kwaso shi kaf in zuba a takarda, yadda duk masaƙiyar da aka karanta wa za ta fitar da majanyin ko ba ta taɓa ganinsa ba. Wata a cikinku ta yi dariya, na ce mata ta adana haƙoranta. Tana nan zaune, ta san kanta. Yau ranarta ce.

Motar da muka samu babba ce mai katako, an loda mata buhunan gishiri da kwanon rufi, mu mutane aka ɗora a sama kamar abin da aka tuna daga baya. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, na tambayi dalili aka ce hanya ta lalace. Na ce to ai mu ya kamata a biya. Direban bai ko dube ni ba. Damina tana kan tafiya amma ba ta gama sallama ba, jar hanyar nan duk kwazazzabo, motar tana jan ciki kamar tsohuwar saniya. Dama da hauni dawa ta yi kai ta sunkuya, auduga ta fara buɗe baki, ana tonon gyaɗa. Maƙwabciyata ba ta taɓa wuce Bakori ba, ta riƙe katako da hannu biyu tana salati a kowane rami. Da muka tsaya a Bakori ta sauka ta ce ita nan ta iso. Sai da na saya mata rake da fura da nono wajen wata Bafillatana kafin ta yarda ta sake hawa. Furar ta ji yaji, nonon kuwa an yi masa wanka da ruwa, na faɗa wa mai ita, ta ce ai saniyar ce ta sha ruwa da yawa bana.

Mun iso Malumfashi rana ta take, ranar kasuwa ce. Na zaga layin masu zare neman ja. Na kanti ya cika ko'ina, mai sheƙi, maƙwabciyata ta lasa ta goga a gefen zanenta, ya zuba. Muka bar shi. Can ƙarshen layi muka sami wani dattijo da zaren hannu da aka rina, bai da kyan gani amma bai zuba ba, shi muka saya. Muka ci ƙosai mai zafi a bakin masu awo, na lura atamfa ta fi saƙi yawa a jikin mata, har da matan ƙauye. Daga nan sai ƙafa. Wani mai jaki da zai bi hanyarmu ya ɗora mana kaya, muka bi shi ta cikin gonaki, muka tsallake rafi ruwa iya gwiwa, muka isa da la'asar.

Mutanen gidanmu Maguzawa ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ni aure ne ya kai ni gari na musulunta. Gida ne babba, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, matan gidan suna dawowa daga gayaunarsu da fartanya a kafaɗa. Maƙwabciyata ta ga tukwanen giya a bayan wani ɗaki ta kawar da kai har wuyanta ya kusa juyawa. Su kuwa ba su ɗauka da zafi ba. Aka aika wajen wani Bafillace maƙwabcinsu ya zo ya yanka mana kaza da bismilla, aka ware mana tukunya da ƙwarya sabbi. Tuwon dawa muka ci da miyar karkashi da ta ji daddawa, maƙwabciyata ta ci ta ƙara, tana cewa ita dai don kada a ce ta raina ne.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance. Ta lalubi fuskata ta ce na yi ƙiba, Funtuwa ta karɓe ni. Tanoma take kirana, sunan da babu mai kirana da shi a gari. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce a ba ta littafin ta ji. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce wannan abin da ko gishiri ba zai riƙe ba shi ne zai riƙe rumbu? Amma ta yarda, ina jin don ba ta zaci zai yiwu ba ne. Sharaɗinta ɗaya: baƙuwata ba za ta ga na cikin tukunya ba. Abin da ta saƙa da hannunta ta kalla iya son ranta.

Washegari aka jawo tsohuwar masaƙar Gwaggo daga bayan ɗaki, aka kaɗe ta, aka jingina a inuwar wani ɗaki can gefen gida inda maƙwabciyata za ta zauna. Ni kuma na shiga ɗakin Gwaggo. Ta sa na buɗe wata tukunya mai murfi a ƙarƙashin gado, na fito da shi. Rabona da ganinsa tun ina budurwa. Farin ya koma ruwan ƙasa, man kaɗe da shekaru sun manne zaren har ba ka rarrabe ɗaya da ɗaya, amma rumbunan suna nan a jere. Na zauna na rubuta shafi guda cif: launinsa, da gefensa, da yadda rumbunan suke da ƙiba, da yadda jinkar ta yi tsini. Na fita da alfahari na karanta wa maƙwabciyata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ya yi daɗin ji. To ni me zan yi?"

Na ce ki saƙa mana. Ta ce ai ban gaya mata ko abu ɗaya da hannu zai kama ba, na dai ba ta labarin kyan wani abu. Zare nawa za ta jera a tsaye? Ina baƙi zai tsaya fari ya fara? Na ji haushi na faɗa mata magana, ta ci gaba da taunar goronta. Na koma na zauna ni kaɗai, na ga gaskiyarta. Na yage shafin.

Daga nan aikin ya fara. Na gane ba kamannin abin ake rubutawa ba, umarni ake rubutawa, ɗaya bayan ɗaya, yadda mai aiki za ta bi ko da ba ta san inda za ta ɓulla ba. Na ce Gwaggo ta faɗa mini kamar tana gaban masaƙa. Sai ta ɗaga lanƙwasassun yatsun nan a iska ta fara: ɗaga huɗu, tsallake biyu, ɗaga huɗu, cusa ja, buga. Ina rubutawa ina gumi, ku kun san gudun hannuna a rubutu. Ta wuce ni sai in ce ta tsaya, in ta tsaya sai ta ɓace sai ta koma farko.

Wahala ta biyu ita ce Gwaggo tana magana da abubuwan da ke kanta ita kaɗai. Ta ce faɗin gefen kamar tafin hannunta. Na ce Gwaggo, hannunki ba zai bi ni Funtuwa ba. Muka ɗora hannunta a kan zaren da aka jera, na ƙirga abin da ya rufe na rubuta adadin. Ta ce ƙafar rumbu a yi ta kamar ta majanyin marigayiya Dije. Na ce Dije tana kabari, majanyinta kuwa ɓera ya ci, a faɗa mini ƙafar daga tushe. Ta ce ni dai tun ina yarinya bakina ya fi ni girma. Duk abin da ta jingina da wani abu na waje sai na tsare ta ta warware shi ya shigo cikin takarda. Na kuma gano wata dabara da na ji daɗinta ƙwarai. Maimakon in rubuta rumbu ɗaya bayan ɗaya har in cika littafi, sai in rubuta na farko in ce a maimaita haka har bakin baƙin gefe. Da na karanta wa maƙwabciyata wannan ta ce yanzu na zo da magana.

Haka muka yi ta yi. In rubuta a ɗaki, in tsallaka tsakar gida, in karanta, ta saƙa. Matan gidan suna wucewa gona suna leƙe, suna cewa Tanoma ta zama ɗan aike tsakanin makauniya da baƙuwa. Amma ƙafafun rumbuna suka fito. Ciki ya fito yana faɗi, ya koma yana tsukewa zuwa wuya. Maƙwabciyata da ba ta taɓa ganin abin ba ta ja baya ta kalla ta ce, lalle rumbu ne. Ni a lokacin ba na taka ƙasa. Har na fara shirya abin da zan faɗa muku a aji.

A jinka aka tsaya. Gwaggo ta ɗaga yatsu ta fara, ta kai tsakiyar layi, ta yi shiru. Ta sake, ta faɗi wani abu dabam. Ta sake, ya bambanta da biyun. Ta sauke hannu ta ce yau ba ya zuwa, a bar shi ya kwana. Ya kwana bai zo ba. Ya sake kwana, haka. Na ga tana jin kunyar abin, tana neman hira ta daban, tana tambayata farashin gero a Funtuwa. Ni kuwa mota sai ranar kasuwa ake samu, ranar tana matsowa, ga ɗiyata na bari wata ya kama. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne ba na so in shigo ajin nan da rumbu mara jinka a yi mini dariya.

Da hantsi, mutanen gida sun tafi gona, aka fito da Gwaggo shan rana ta yi gyangyaɗi. Na shiga ɗakinta na buɗe tukunyar. Na kai majanyin bakin ƙofa wajen haske don in ƙirga zaren jinkar da ido, na kasa, duk ya manne. Sai na zaro allura daga zanena. Na ce a raina layi ɗaya zan ɗaga, in ƙirga, in mayar. Na fara daga can sama, daga tsinin jinka, tunda nan ne bakin zaren ya ɗan fito. Na ja jan zaren a hankali, ina ganin inda ya hau da inda ya nutse, ina rubutawa. Abin da ban yi tunani ba, zare ɗaya ne ke ratsa rumbunan duka daga gefe zuwa gefe. Da na zare shi, tsinin kowane rumbu ya tafi tare. Na zo mayarwa, ya gutsuttsure a hannuna kamar busasshen ganye.

Nan ne mai hankali za ta tsaya. Ni na ce tunda an riga an fara, gara takarda ta samu duka. Na ci gaba, layi bayan layi, ina saukowa. Wani layi a tsakiya ya zube ya zama gari kafin in ƙirga shi, na bar gurbinsa. Da na iso wuyan rumbu na ɗaga majanyin, sai na ga ƙasan ɗaki ta cikinsa. Jan zaren nan ashe shi ke riƙe da farin. Tsakiyar ta zama raga, rumbuna a jere ba kai ko ɗaya. Na ninke shi yadda ɓarnar za ta shige ciki, na tattara garin zaren a gefen zanena, na mayar tukunya na rufe. Na fito na gaida Gwaggo na tambaye ta ko in kawo mata ruwa.

Na je wajen maƙwabciyata na ce jinka ta samu. Ta ce tsohuwa ta tuna? Na ce ta tuna. Na karanta mata yadda na rubuta, daga layin farko zuwa na ƙarshe, wurin gurbin na ce ta cike da hankalinta. Ta saƙa layi kaɗan ta tsaya ta ce anya haka ne? Na ce aikinta bin takarda, ba tambaya ba. Ta ɗaga kafaɗa ta bi. Mace ce mai amana, abin da aka karanta mata shi ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ni kuma idona yana kan takarda, ban ɗaga kai ba sai da ta buga layin ƙarshe.

A kan wuyan kowane rumbu tsini ne ya fara zama, sannan ya yi ta buɗewa sama. Jinka a kife, baki a sama, kamar an ɗora wa rumbu ƙwarya don tarar ruwa. Ita saƙa daga ƙasa take hawa, ni kuma daga sama na warware na sauko, na rubuta abin yadda ya mutu, ba yadda aka haife shi ba. Matan gida sun dawo daga gona suka taru suna dariya, wata ta ce wannan rumbun kafin a kai tsakiyar damina dawar ciki ta tsiro. Dariyar ce ta jawo Gwaggo. Ta ce a kai ta.

Aka kamo hannunta aka ɗora a kan saƙar. Ta bi ƙafafu, ta bi ciki, tana gyaɗa kai. Ta iso wuya, yatsunta suka hau, suka tsaya. Ta bi jinkar sama, ta dawo ƙasa, ta sake bi. Faɗin kowane layi daidai yake da wanda hannunta ya sani, jerin ne kawai ya juye.

"Tanoma, wa ya gaya miki jinka?"

Na rufe littafin.

"Ni dai ban gaya miki ba. Ɗauko mini tukunyata."

Maƙwabciyata ta tashi da kanta ta koma bayan ɗaki ta juya baya, ba wanda ya ce mata. Ni na ɗauko tukunyar, ni na buɗe, ni na sa mata a cinya. Ta warware ninkin, yatsunta suka shige ta ragar suka fito ta ɗaya gefen. Na yi zaton za ta zage ni, na ma fi son haka, domin zagi na san yadda ake karɓarsa. Ba ta zage ni ba. Ta zauna tana shafa wurin, ta ce da wannan aka goyi babana, da shi aka goye ta, ranar da uwata ta haife ni ma da shi aka fara ɗaure ni kafin sabo ya sauka daga masaƙa. Ta faɗa kamar mai lissafa abin da ke cikin rumbu. Na durƙusa na ce Gwaggo na yi laifi. Ta ce ta sani, hannunta yana ciki.

Ni da kuka sani, wadda ba a gama faɗa mini magana ban mayar ba, na wuni ban ce uffan ba. Matan gidan ba su yi mini gori ba, suka dinga kewaye ni kamar ana kewaye rijiya. An kawo tuwo na kasa kai loma. Maƙwabciyata ce ta zo ta zauna kusa da ni ta ce ita ma na sa ta cikin ƙarya, amma wannan sai mun koma gida. Yanzu in karanta mata layukan jinka daga ƙasan shafi zuwa sama.

Ta warware nata, da yake sabon zare ne bai ce komai ba. Na karanta a juye, ta saƙa. Da muka zo gurbin layin da ya zube na tambayi Gwaggo ko ta tuna shi. Ta ce a'a. Na ce da na bari, da zai dawo mata? Ta ce ba ta sani ba, wataƙila ya dawo, wataƙila ya tafi ke nan, yanzu dai ba mai sani. Maƙwabciyata ta dubi layin ƙasa da na sama ta sa abin da ya fi dacewa a tsakani. Jinka ta hau ta yi tsini. Aka sauke saƙar aka ɗaure bakinta aka kai wa Gwaggo. Ta daɗe tana bi. A layin nan ɗaya yatsanta ya tsaya, ya wuce, ya dawo. Ta ce, "Ya yi kama."

Na miƙa hannu zan karɓa in sa a ƙunshi, ta riƙe. Ta ce gidan nan ba ya kwana ba uwar majanyi, wannan ya zauna. Na ce Gwaggo ai baƙuwa ta gan shi, ita ma ta saƙa. Ta ce sabo tsumma ne sai yaron gida ya jiƙa shi. Ta sa aka kawo jaririn matar jikanta aka goya da shi, ba a daɗe ba yaron ya yi aikinsa, matan suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Aka shanya, aka ninke shi tare da tsohon, aka rufe tukunya. Na ce to ɗiyata fa? Ta ce ba na ce takarda tana ɗaukar rumbu ba? In ɗauka in tafi.

Sannan ta ce in buɗe littafin. Ta tambaya ko duk wadda za ta saƙa sai an karanta mata daga farko. Na ce haka ne. Ta ce to a can farko, kafin zare na ɗaya, in rubuta abin da za ta faɗa, kuma kada in gyara mata baki. Na rubuta. Ta sa na karanta mata har sau biyu, ta kira wani jikanta magidanci da ya ɗan yi makaranta ya duba ko abin da na karanta shi ke wurin. Wannan duban ya fi komai yi mini ciwo, kuma ban da bakin cewa kada a yi.

Ranar kasuwa muka fito. An cika mana ƙunshi da gyaɗa da daddawa da kabewa, kamar ba abin da ya faru. Gwaggo ta ce in gaida mai ciki, in ta sauka a aiko. Rafin ya ragu, iya idon sawu. A Malumfashi na koma wajen dattijon nan na ƙaro jan zare, ya ce har na cinye na farko? Na ce ƙauye ya ci. Motar dawowa buhunan gyaɗa ta ɗauko, sun fi kwanon rufi daɗin zama. Maƙwabciyata ba ta yi salati ko sau ɗaya ba, ta ce bayan abin da ta gani rami ba ya ba ta tsoro. Sauran maganar da ta ajiye mini ta yi ta tsakanin Bakori da Funtuwa, a gaban mutane.

Ɗiyata ta tare ni a ƙofa da ƙyar take tafiya, ta buɗe ƙunshin ta ga kabewa, ta ce Inna ina majanyin? Na ba ta littafin. Na kwashe kwanaki ina sake rubuta shi da kyau, layukan jinka a jerinsu na gaskiya, na sa alama a layin da ba na asali ba don kada wata ta zaci na kakanni ne. Maƙwabciyata ta ce wannan karon ba ni zan karanta ba, tunda ni na ga abin, bakina zai iya cike abin da takarda ta rasa. Ɗiyata ta yi firamare, kuma ba ta taɓa ganin na tukunya ba. Ita za ta karanta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Takarda tana ɗaukar abin da ke cikin kai, wannan ban janye ba. Amma sai an rubuta aikin da hannu zai yi, a jerin da zai yi shi, ba a bar komai ya jingina da wanda ba ya nan ba. Kuma ba a taɓa na asali sai an gwada na takarda an ga ya tsaya da ƙafarsa. Wannan na ƙarshen ko wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba ta san shi, ni ce na je na sayo shi da tsada.

An jingina masaƙa a tsakar gidanmu, maƙwabta sun shigo kallo. Ɗiyata ta zauna a kan turmi ta buɗe shafin farko. Na ce mata ta fara daga sama, kada ta tsallake komai. Ta karanta da ƙarfi yadda aka koya musu a makaranta:

"Wannan saƙar gidanmu ce. Na farkon Tanoma ce ta warware shi da allura ina barci, ta ce mini in sha ruwa. Layi ɗaya ya tafi. Mai saƙa ta sani."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, Inna, wace ce Tanoma? Na ce ni ce, ci gaba. Ta ci gaba. Majanyin ya sauka daga masaƙa shekaranjiya, tsinin jinkarsa yana kallon sama, yana nan a ninke a ƙarƙashin matashinta yana jiran mai shi.